Makara ta Biyar

Katanga ɗaya ce ta raba gidan da nake haya a Sabon Gari da gidan Alhaji Abdulmutallib, kuma katangar ba ta riƙe sirri. Ban taɓa kasa kunne da gangan ba. Hajiya Lubna ce, matar gidan, Allah ya hore mata murya, in tana faɗa har mai shago na bakin titi sai ya san wanda ya yi laifi. Don haka abin da zan faɗa ba ji-ta-ji-ta ba ne. Rabi na gani da idona a makarantar da nake koyarwa, rabi kuma ya tsallako mini ta katanga.

Tasalla ƴar riƙo ce a gidan. Ɗiyar Chaibu ce, yayan Hajiya, mai noman rani a Jiratawa. Shekarunta goma sha biyu, ajinsu ɗaya da Salim, ɗan autan Hajiya, a ajin ƙarshe na firamare, kuma ni ce malamarsu.

A makarantarmu akwai abin da muke kira gwamnatin yara. Duk shekara ɗalibai kan zaɓi shugaba a cikinsu, wanda suke kira Farzidan, shi kuma ya naɗa ministocinsa: na tsafta, na wasanni, na sulhu, na ban ruwan itatuwa. Akan ɗaura wa shugaban ɗamara mai launin tutar ƙasa, shi ke tsayawa gaba in za a ɗaga tuta ƙarfe takwas saura kwata. Iyaye kan ɗauki abin a matsayin wasan yara, har sai ranar da ɗansu ya faɗi zaɓe.

A bana Salim ya tsaya. Tasalla kuwa ba ita ta kai kanta ba, ƙawarta Rahma ce ta rubuta sunanta, ƴan aji suka goya mata baya, domin tun kafin a yi maganar zaɓe duk faɗan da ya tashi a filin makaranta ita ake kira ta raba. Ana gobe zaɓe Alhaji ya aiko da katan uku na biskit, wai sadaka. Yara suka ci, suka lashe yatsu, suka yi wa Alhaji addu'a, washegari suka shiga bayan labule suka zaɓi Tasalla. Ta samu ƙuri'a ɗari biyu da sha uku, Salim ya samu talatin da takwas.

Da azahar ina alwala na ji an fara.

"Ke Tasalla, zo nan," in ji Hajiya. "Mi nike ji? Wai ke ce kika kada Salim gaban mutane?"

"Gwaggo, ba ni na sa sunana ba. Ƴan kilas ne."

"Ƴan kilas su ke ba ki tuwo? Su suka ɗunka maki wagga riga? Gobe ki tahi ki ce ma Madam kin janye."

"Gwaggo, an riga an rantsar da ni."

Sai na ji Hajiya ta yi wata ƴar dariya.

"To madalla. Ranki shi daɗe, Farzidan."

Daga ranar sunanta ya koma haka a gidan. Farzidan, zo ki kwashe kashin kaji. Farzidan, buta ba ruwa. Farzidan, wa ya ce ki zamna?

A makaranta kuwa yarinyar ta kama aiki da gaske. Da can duk wanda ya makara durƙusar da shi ake yi a bakin ƙofa, manyan yara su zane shi, ya shiga aji yana kuka, gobe ma ya sake makara. A zamansu na farko ƙarƙashin itacen bedi, Tasalla ta ce a daina. Ta ce a fara tambayar mutum abin da ya tsai da shi, sannan a haɗa shi da wani ɗan unguwarsu wanda zai riƙa biya masa da safe su taho tare. Suka sa wa abin suna abokin hanya. Sai ta ƙara da cewa su masu muƙami tasu dokar ta fi tsanani: minista ko Farzidan da ya makara sau biyar ya ajiye muƙaminsa, in Farzidan ne, wanda ya zo na biyu a zaɓe ya karɓa.

"Ba ki tsananta ba?" na tambaye ta.

"Madam, in mu muka makara, da wane baki za mu ce ma ƙanana su zo da wuri?"

Na rubuta dokar da hannuna, na manna a jikin allo, ina ta jin daɗi. Cikin wata guda layin masu makara ya sauko daga yara talatin zuwa huɗu. Da safe sai ka ga yara bibbiyu a lungunan Sabon Gari, babba riƙe da hannun ƙarami. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina koyarwa ban taɓa tunanin wannan dabarar ba.

Salim ne ya kai labarin dokar gida. Ba zan ce mugunta ce ta sa shi ba, yaro ne da ba a taɓa hana shi komai ba, abin da ya rasa kuwa yana ci masa rai. Yana cin abinci na ji ya ce, "Mama, kin san in ta makara sau biyar ni za a ba?"

"Sau nawa ka ce?" in ji Hajiya.

"Biyar."



Akwai mace mai zuwa aikatau a gidan tun da sassafe. A makon nan aka ce mata ta riƙa bari sai hantsi. Ranar Litinin Tasalla ta tashi ta tarar da tukwanen jiya jibge suna jiranta, har da babbar tukunyar da ba a sauke ta sai da suna ko biki. Motar gidan ta fita da Salim ƙarfe bakwai da rabi. Ita ta iso takwas da minti goma, hannunta na ƙamshin sabulu, an riga an ɗaga tuta babu ita. Da kanta ta je wurin Rahma, wadda ke riƙe da littafin masu makara, ta ce a rubuta ta.

Makara ta biyu niƙa ce ta jawo ta. Akwai injin niƙa a bakin layinmu, taku hamsin bai kai ba. Hajiya ta ce garinsa ƙauri yake yi, a kai can wajen kasuwa. Shekara shida tana cin tuwon injin nan, sai ranar Laraba da safe hancinta ya buɗe.

Gwamnatin yara ta bi dokarta, ta ba shugabarta abokiyar hanya. Rahma ta zo ƙofar gidan ƙarfe bakwai don su tafi lakwal, wato makaranta, ta yi sallama. Hajiya da kanta ta fito.

"Ɗiyar wa ce ke?"

"Hajiya, na biyo ma Tasalla ne mu tahi lakwal."

"Nan ya yi maki kama da tasha? In na ƙara ganin ƙahwarki ƙohwar gidan ga sai na bi ki har gaban uwarki."

Rahma ba ta daina zuwa ba, amma ta koma tsayawa can gindin falwaya, inda ba a hango ta daga cikin gida.

Ta uku aike ne zuwa Tsibiri. Wai ƙafar tsohuwar Hajiya, wato mahaifiyarta, ta tashi, a kai mata man shafawa, kuma ba a yarda da direba ba, sai jinin gida. Aka ɗora yarinya a babur ɗin kabu-kabu ranar makaranta. Ta tarar da tsohuwa tana shara a tsakar gida da ƙafafunta biyu. Ta shigo aji ƙarfe goma, ta zauna, ba ta dubi kowa ba.

Ran nan da la'asar na sa mayafina na zagaya. Hajiya ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta sa aka kawo lemo mai sanyi, kuma Tasalla ce ta kawo, ta durƙusa ta ajiye ta fita.

"Hajiya, yarinyar nan tana makara," na ce. "Saura biyu ta rasa muƙaminta."

"Wane muƙami? Au, wasan nan naku? Madam Rahmatu, ni amana aka ba ni. Ɗiya mace ce, gidan wani za ta. In ba ta iya wanke tukunya ba, ke za a zaga ko ni?"

"Ba za a iya barin aikin sai ta dawo ba?"

"Aikin sahe sai da sahe. Mu da aka riƙe mu haka aka yi muna, ga mu ba mu mutu ba. Kuma in gaya maki gaskiya, tun da kuka ɗaura mata wancan ƙyalle kanta ya kumbura. Tarbiyya nike mata. Sha lemonki."

Na sha lemon. Ina faɗa ne don kada a ɗauka ni jaruma ce a labarin nan.

Na tari Alhaji a ƙofar gida zai shiga mota. Shi ne shugaban kwamitin iyayen yara na makarantarmu, shi ya saya mana tutar ma. Ya saurare ni yana duba waya.

"Madam, ni Kwatano nike kwana, Kano nike wuni. Harkar cikin gida ta mata ce. Amma zan duba."

Har yau yana dubawa.

Fatana na ƙarshe uban yarinyar ne. Ranar Lahadi Chaibu ya zo daga Jiratawa da buhun zogale da kwandon tumatir a bayan babur. Na tsaya da shi a waje na zayyana masa komai. Ya ji, fuskarsa ta washe a wuri ɗaya kawai, inda na ce yara ɗari biyu sun zaɓi ɗiyarsa. Ya sa aka kira ta, ya ce ta nuna masa ɗamarar. Ta ciro ta daga jaka, naɗe cikin leda. Sai da ya goge hannuwansa a jikin rigarsa sannan ya taɓa. Na ce a raina an zo wurin.

"Madam," ya ce, bai dube ni ba, "Lubna ƙanwata ce. Ba ta cutar ɗiyata. Wanda ka ba riƙo ba ka bin shi da ido. In na buɗe baki a ce ban gode ba, zumunci ya ɓaci a kan ƙyalle." Ya juya ga yarinyar. "Ke kuma ki bi gwaggonki sau da ƙahwa. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

Ya hau babur ya tafi, kwandonsa wayam, zumuncinsa lafiya lau.

Tasalla ba ta yi kuka ba, dabara ta sake. Ta koma tashi tun kiran sallar farko. Ina kwance nakan ji ƙarar tsintsiya, sannan kwanuka, sannan famfo. Kafin gari ya waye ta gama komai. Ta daina karyawa don kada shan koko ya ci mata lokaci. Hannuwanta suka tsage. A aji takan yi gyangyaɗi da alli a hannu, in na kira sunanta ta zabura ta ba da amsa daidai. In an fita hutun tsakiya kuma sai ka gan ta ƙarƙashin bedi tsakanin yara biyu masu huci, tana cewa, "Kai faɗi naka, ke kuma ki jira ya gama." Kwana tara ta yi ba ta makara ba.

A na goma Hajiya ta fito ta duba tsakar gida ta ce sharar ba ta yi ba, a sake, tun daga zaure. Wannan ce ta huɗu.

Ta biyar ita ce wadda ba zan manta ba, domin ko aiki ba a ba ta ba.

A gidan akwai ƙa'ida, irin ta kowane gidan mutunci: yaro ba ya fita sai ya je ya yi wa babba sallama, babba ya amsa. Ranar Alhamis ƙarfe bakwai na ji muryar Tasalla.

"Gwaggo, na gama. Zan tahi."

Babu amsa. Hajiya na kan darduma tana lazimi. Ita da lazimin safenta bai taɓa wuce minti goma ba, ran nan carbi mai dubu ta ɗauko.

"Gwaggo, zan tahi lakwal."

"Subhanallah, Subhanallah," in ji Hajiya, ta ɗan ɗaga murya.

Daga nan na wuce makaranta, sauran Rahma ce ta ba ni labari. Bakwai da rabi Salim ya fito a guje ya ce, "Mama na tahi!" Rahma, da ta kasa haƙuri ta leƙo ta zaure, ta ga Hajiya ta ɗaga masa carbi alamar ya je. Ta kuma ga Tasalla durƙushe a ƙofar ɗaki, jakarta a baya, takalmanta a hannu. Rahma ta yafuto ta, Tasalla ta girgiza kai. Ubanta ya ce ta bi sau da ƙafa. In ta tashi ta fita an samu abin da ake nema, a ce boko ya sa ta raina mai ambaton Allah, a tattara ta a mayar Jiratawa. Ta zauna tana kallon ƴaƴan carbi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai da aka ji ƙararrawar makarantar da ke bayan layinmu ta buga takwas, sannan Hajiya ta shafa addu'a, ta waiwayo.

"Au, kina nan? Ke ko da kin tahi abinki."

Na sha ganin an cuci yaro da bulala, na ga an cuce shi da yunwa. Ran nan ne na fara sanin ana iya cutarsa da tasbihi.

Ta iso takwas da minti ashirin tana haki, Rahma na bayanta, ita ma ta makara saboda jira. Na tare su a bakin ƙofa, na karɓi littafin masu makara daga hannun Rahma na rufe.

"Ban gan ki ba," na ce. "Wuce aji."

"Madam, kin gan ni."

"Na ce ban gan ki ba. Na san abin da ya tsai da ke. Ba laifinki ba ne."

Ta dubi tagogin ajin ƙanana. Kawuna ne cike, duk idanu a kanta.

"Su sun gan ni," ta ce. "Makon jiya mun sauke ministan wasanni a kan biyar, shi ma uwarshi ce ke aiken shi talla. In aka bar ni, gobe wa zai yarda da mu?"

Ta buɗe jaka ta ciro ledar. Ta gyara naɗin ɗamarar ta miƙo mini da hannu biyu. Idonta a bushe yake. Rahma ce ta fashe da kuka. Hausa ta iya sa suna: makara ce sunan latti, makara kuma ce abin da ake ɗaukar gawa. A safiyar nan ina tsaye aka ɗauki wani abu daga cikin yarinyar nan aka fita da shi, ni kuma na karɓi leda na sa a aljihun tebur.

Ranar Litinin aka yi bikin naɗa sabon shugaba. Alhaji, da ba ya samun lokacin harkar cikin gida, ya samu lokacin zuwa, cikin shadda mai maiƙo. Shi ya ɗaura wa ɗansa ɗamara. Ya yi jawabi mai daɗi a kan yara manyan gobe, da muhimmancin zuwa a kan lokaci, da yadda shugabanci ke farawa daga tarbiyyar gida. Ya yaba wa makarantarmu da ta koya wa yara cewa doka ba ta san ɗan kowa ba. Salim na tsaye gefensa, kansa a ƙasa, ko sau ɗaya bai dubi layin ajinmu ba. Yara suka ƙi tafi sai da daraktan makaranta ya zare musu ido. Ni ba sai da aka zare mini ba. Na tafa.

Washegari ƙarfe bakwai saura kwata muryar Hajiya ta tsallako katanga, a tausashe, har da ɗan daɗi a cikinta.

"Tasalla, mi kike jira? Bar kwanukan nan, mai aiki na tahe. Ɗauki jakar ƙanenki ki yi gaba. Ni ban son ɗiya mai makara."

Tun daga ranar ba ta ƙara makara ba. Injin bakin layi ya daina ƙauri, ƙafar tsohuwa ta warke, lazimi ya koma minti goma. Kullum nakan tarar da ita a ƙofar makaranta tun mai gadi bai buɗe ba, jaka biyu a kafaɗarta. Ita ke wanke ɗamarar ranar Lahadi, ita ke goge ta. Abokin hanya ya mutu a hankali, don babu mai bi, layin masu makara ya koma yadda yake, manyan yara suka nemo bulalarsu inda suka ajiye. Da muka haɗu da Hajiya a wani gidan suna ta kama hannuna gaban mata tana murmushi.

"Kin gani ko, Madam? Tarbiyya ta kama. Yanzu ko kusa ba ta makara."

Mata suka ce Allah ya saka mata, riƙon ɗan wani sai mai haƙuri.

A makon da ya wuce, lokacin hutun tsakiya, wasu ƙananan yara biyu suka kaure da faɗa a kan guntun alli, dab da inda Tasalla ke zaune ita kaɗai a gindin bedi. Ɗaya ya fasa wa ɗaya leɓe. Wata ƴar mitsitsiya ta rugo ta kama mata hijabi tana ja.

"Farzidan, raba su! Farzidan!"

Tasalla ta dubi yaran. Ta zare hijabinta daga hannun yarinyar a hankali, ta janye ƙafafunta don kada a taka ta.

"Ba ruwana," ta ce.

Shekara shida na san yarinyar nan, ban taɓa jin kalmar a bakinta ba. A gidan gwaggonta ta koya, kuma dukanmu mun taya koyarwa.